Tambaya da Amsa: Ƙasar Kiwo ta Hamada, Halinta da Rabe-rabenta

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙun da suka shafi ƙasar filayen kiwo na hamada da gefen hamada. Masana ilimin ƙasa da na kiwo da ke kula da wannan shafi ne suka amsa. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen ilimin ƙasa. An koya mana cewa ƙasar hamada sunanta Aridisol, amma da na rubuta haka game da tudun rairayi a jarrabawa sai aka soke amsar. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wanda ya duba takardarki bai zalunce ki ba. A tsarin rarraba ƙasa na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda aka fara bugawa a 1975 aka sabunta a 1999, ƙasar duniya ta kasu manyan gidaje 12. Aridisol ɗaya ce daga ciki, kuma ta mamaye kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta lulluɓe ba. Sai dai bushewa kaɗai ba ta shigar da ƙasa wannan gida.

Sharaɗin farko na danshi ne. Yankin da saiwa ke shan ruwa ya kasance a bushe ƙayau fiye da rabin kwanakin da zafin ƙasa a zurfin santimita 50 ya haura digiri 5, kuma kada ya jera kwana 90 da danshi a lokacin da zafin ya haura digiri 8. An sa zafi a lissafin ne domin danshin da ya zo lokacin da sanyi ya tsayar da tsiro bai amfane shi da komai ba.

Sharaɗi na biyu shi ya kayar da ke. Dole a samu, cikin santimita 100 na sama, wata shimfiɗa da ke shaida cewa ƙasar ta daɗe a wurin har ta sauya: yumɓu ya sauko ya taru, ko farar ƙasa, ko jifsam (wani farin ma'adini mai laushi), ko gishiri, ko silika (sinadarin da ke cikin yashi), ko aƙalla launinta da tsarinta sun bambanta da abin da ta fito daga gare shi. Tudun rairayi kuwa iska ke kwasa tana zubarwa, bai zauna wuri ɗaya har ya yi shimfiɗa ba. Gidansa Entisol. Can ne kuma ƙasar gangaren dutse mara kauri take, da ta kwarin da ambaliya ke sabuntawa a kai a kai.

Aridisol ta kasu 7, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wanda ƙasa ta fara cika sharaɗinsa shi ne sunanta ko da tana da halin na gaba: Kirayid ta wurare masu tsananin sanyi, Salid mai gishiri, Durid mai dandaɓe na silika, Jifsid mai jifsam, Arjid mai tarin yumɓu, Kalsid mai farar ƙasa, sai Kambid wadda sauyinta bai yi nisa ba. Ƙasa mai yumɓu da jifsam tare, Jifsid za ki kira ta.

Ki kula da wani abu idan taswirar da ke hannunki ta bi ɗaya tsarin, na ƙasa da ƙasa, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bugawa a 1998, bugu na huɗu ya fito a 2022. Rukuninsa 32 ne, kuma ba ya sa yanayin sama a ma'auni, don haka ba shi da gida guda na ƙasar hamada. A can za ki ga Kalsisol, Jifsisol, Durisol, Solancak mai gishiri, Solonez mai kanwa, tudun rairayinki kuma Arenosol. Sunayen tsarin biyu suna kusa da juna amma iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Kada ki musanya su kai tsaye ba tare da duba alƙaluman ramin da aka haƙa don binciken ƙasar ba.

Ni dattijo ne mai kula da filin kiwo. Mun zo kafa shinge sai diga ta ci karo da farin dutse a zurfin kamu ɗaya, shimfiɗe ko'ina. Wasu sun ce shi ke hana ciyawa, a kawo babbar mota ta farfasa shi. Mene ne shi, kuma shawararsu ta yi?

Ranku ya daɗe, kada ku yi gaggawar kiran motar. Abin da kuka tarar, bisa kwatancenku, farar ƙasa ce, wato kalsiyam kabonet, da ta taru ta daskare. Ba dutsen asali ba ne, a cikin ƙasar ya samu.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙura da ruwan sama suna sauke kalsiyam a kan ƙasa, ko da dutsen wurin ba shi da shi. Ruwa ya narkar da shi ya nutsa da shi. A ƙasa mai yawan ruwa zai wuce har ƙarƙashi ya tafi, amma a hamada ruwan yana tsayawa a wani zurfi, saiwa ta zuƙe wani, rana ta ɗauke saura, abin da ya ɗauko ya zauna a nan, tamkar farin da ke manne a gindin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa a cikinta. Da farko siraran zare ne farare da ɗan shafe a ƙarƙashin tsakuwa. Daga nan sai ƙulli-ƙulli. Sannan ƙofofin ƙasar su toshe gaba ɗaya. A ƙarshe ruwa ya riƙa kwanciya a kai yana barin faranti mai santsi, ɗaya bisa ɗaya. Masanin ƙasa Gile da abokan aikinsa ne suka tsara waɗannan matakai huɗu a 1966 daga binciken da suka yi a kudancin jihar Niyu Meksiko ta Amurka. Kai wa mataki na ƙarshe yana cin dubban shekaru masu yawa, don haka abin da aka fasa ba zai dawo a zamanin kowa ba.

Ku tabbatar kafin komai. A haƙa rami mai faɗin mita 1, tsawon mita 1 da rabi, har zuwa kan dandaɓen, nesa da rijiya da hanya da gindin itace, domin waɗannan wurare ba sa wakiltar filin. A gyara bangon da ke fuskantar rana da wuƙa, a auna kaurin kowace shimfiɗa, a ɗiga mata asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Idan ana jin ƙara amma ba a ganin kumfa, farar ƙasar ba ta wuce kashi 2 ba. Kumfa da ido ke gani, kashi 2 zuwa 10. Kumfa mai ƙarfi da ke ɗan tashi, 10 zuwa 25. Wadda ta yi tozo nan take, ta haura 25. Ruwan khal yana nuna alama idan farar ƙasar tana da yawa, amma ba ya ba da ma'auni. Ruwan batir kada a kusance shi: ga haɗari, ga shi yana lulluɓe dutsen da jifsam ya kashe kumfar, a ɗauka babu komai. Gutsuren da aka jiƙa a asid ya ƙi narkewa, silika ce ta ɗaure shi, ƙasar Durid ke nan. Wanda farce ke karcewa kuma ba ya kumfa, jifsam ne. Masana suna lissafa shimfiɗa a matsayin ta farar ƙasa idan kaurinta ya kai santimita 15, farar ƙasar ta kai kashi 15, kuma ta fi ta shimfiɗar da ke ƙarƙashinta da kashi 5. Idan za a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, a fara ɗiba daga ƙasa zuwa sama don kada ta sama ta zubo ta gurɓata ta ƙasa, rabin kilo daga kowace shimfiɗa, a shanya a inuwa.

Batun hana ciyawa kuwa, ya danganta da kaurin ƙasar da ke bisa dutsen. Idan taƙi ɗaya ce ko ƙasa da haka, ruwan da za ta riƙe kaɗan ne, ciyawa za ta yi wuya. Amma kamu ɗaya na ƙasa mai yashi a kan dandaɓe ba abin ƙi ba ne, domin dandaɓen yana tare ruwa a inda saiwar ciyawa ke kaiwa, shi kansa kuma yana shan danshi ya sake shi a hankali. A farin shekarun 1950, a filin binciken kiwo na Jornada da ke Niyu Meksiko, ciyawa mai daɗewa ta fi mutuwa a yashi mai zurfi fiye da mara zurfin da ke kan irin wannan dutse. A yashi mai zurfi ruwa yana wuce ciyawa ya tafi ga itatuwa masu doguwar saiwa.

Idan aka farfasa, ɓaraguzan fari za su hau sama, ciyawar da ke riƙe da ƙasar ta mutu, iska ta samu abin kwasa. Farar ƙasar da ta hau sama kuma tana ɗaure fosfaras da ƙarfe da zinki, shi ya sa sabon ganye ke fitowa rawaya a irin wannan wuri. Kuɗin aikin ba ya dawowa daga kiwo. Inda fasawa ta wajaba shi ne ramin dashen itace: a huda dandaɓen har a fita ƙarƙashinsa, in ba haka ba ruwan ban ruwa ya kwanta a ramin, saiwa ta ruɓe, gishiri ya taru. Kuma idan kuka ga shanu suna tauna ƙashi, alamar ƙarancin fosfaras ce. A ba su gishirin lasa mai fosfaras, a kwashe mushe daga filin, domin ta tauna ƙashin mushe suke kamuwa da gubar da ke shanye jiki.

Ni jami'in gona ne. A gefen wani tafki da ya ƙafe akwai wuri mai farin ɓawo da ke rugujewa a ƙafa, kusa da shi kuma wani fako mai duhu, mai santsi, da ruwa ke kwana a kai ba ya shiga. Duk gishiri ne? An ce in zuba jifsam.

Malam, cuta biyu ce, maganinsu kuma daban. Farin ɓawon gishiri ne mai narkewa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke kusa, mita 2 ko ƙasa da haka, yana hawowa ta ƙananan ƙofofi, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin a sama. Irin wannan ƙasa tana shan ruwa lafiya lau. Tsiro ne ba ya iya zuƙarsa, sai ya yi yaushi alhali ƙasar da danshi. Ana auna ta da na'urar da ke gwada yadda lantarki ke ratsa ruwan da aka tace daga kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Daga desisimin 4 a kowace mita a ma'aunin wannan na'ura an shiga ƙasa mai gishiri. Kafin a kira ta Salid kuwa sai shimfiɗa mai kaurin santimita 15 ko fiye ta kai 30, kuma idan aka ninka wannan adadi da kaurin a samu 900.

Fakon mai duhu kanwa ce, wato sodiyam ya manne a jikin yumɓu har ya kai kashi 15 cikin 100 na gurabun da yumɓun ke riƙe sinadarai da su. Sodiyam yana wargaza yumɓu, ƙwayoyinsa su rabu su toshe kowace ƙofa. Ma'aunin pH, wato na tsami ko kanwar ƙasa, yakan haura 8.5, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasar ya narke ya hau sama, shi ne duhun da kake gani. Ka haƙa kaɗan, sau da yawa za ka tarar da ginshiƙai a tsaye masu zagayayyen kai. Gwajin da ba ya cin ko sisi: ka sa busasshen ɗan curi cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa, ka duba bayan minti 10 da kuma bayan awa 2. In ya ruguje ruwan ya zauna garau, ba kanwa. In hazo mai kauri ya kewaye shi, ita ce.

Jifsam na fakon ne kawai. A kan farin ɓawo asara ce, ƙarin gishiri ne a kan gishiri. Wancan wanki yake so: ruwa mai zurfin santimita 30, wato mita kubik 3,000 a hekta, yana fitar da kusan kashi 80 na gishirin santimita 30 na sama, amma fa sai in akwai magudanar da za ta sauke ruwan ƙarƙashi. In babu, ka ɗaga ruwan ne kawai, gishirin ya dawo da rani fiye da da. Haka aka yi asarar filaye masu yawa a kwarin kogin Indus da kewayen tekun Aral.

Lissafin jifsam: kowane santimol 1 (ma'aunin yawan sinadari) na sodiyam a kilon ƙasa da ake son cirewa daga santimita 30 na sama yana cin kusan tan 4 a hekta. Ƙasar da ke riƙe santimol 20, ana son sauke sodiyam daga kashi 25 zuwa 10, santimol 3 ke nan, tan 12. A cakuɗa shi da santimita 10 na sama, sannan a bi da ruwa. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne inda gishiri da kanwa suka haɗu: aka wanke da ruwa mai daɗi ba a fara sa jifsam ba, gishirin da ke riƙe da yumɓun ya tafi, ƙasar ta rufe ruf. Zuba farar ƙasa ma ba ya aiki, ba ta narkewa a irin wannan pH.

A ganinmu, tan 12 a hekta ba lissafin filin kiwo ba ne. Gara a dasa tsirrai masu jure gishiri irin su Atirifleks, a haɗa wa dabbobi da busasshiyar ciyawa, a tanadi ruwan sha mai yawa, don ganyen yana ƙara musu ƙishirwa sosai.

Ƙungiyarmu na son shuka ciyawa a yankin da ruwan shekara bai wuce milimita 250 ba. Muna da wuri mai yashi, da mai yumɓu, da wani shimfiɗaɗɗe mai tsakuwa a jere. Mun zaɓi mai yumɓu tunda ya fi riƙe ruwa. Daidai ne?

'Yan'uwa, a ƙasa mai yawan ruwa da kun yi daidai. A hamada lissafin juyawa yake yi. Ruwan milimita 25 yana jiƙa busasshen yashi har santimita 25 zuwa 30, amma a busasshen yumɓu ba ya kai 10. Santimita 10 na sama kuwa rana ke shanye su cikin 'yan kwanaki. Yashi yana tura ruwa inda rana ba ta kai, samansa ya bushe ya zama murfi. Masanin tsirrai Noy-Meir ya bayyana wannan a 1973, kuma juyin yana faruwa ne a wajajen milimita 300 zuwa 500 na ruwan shekara. Togiya ɗaya: yumɓun da ke kwari, wanda ruwan tudu ke gangarowa kansa, yana samun ninkin abin da sama ta ba shi, kuma sau da yawa shi ne ya fi ko'ina ciyawa. Ku duba ko naku a kwari yake ko a tudu, ku kuma yi masa gwajin kofi da muka bayyana a sama.

Mai tsakuwar ku bar shi yadda yake. Ƙarƙashin tsakuwar akwai 'yar shimfiɗa ta lallausar ƙura, santimita kaɗan, cike da zagayayyun ƙofofin iska da ba su haɗe da juna ba. Ruwa ba ya ratsa ta sai da ƙyar, gishiri kuma yakan taru a ƙarƙashinta. Amfaninsa shi ne ruwan da yake zubarwa. Ku yi shukarku a gindinsa inda ruwan ke taruwa. In aka kwashe tsakuwar ko mota ta tattake ta, ƙurar ta tashi.

A milimita 250, watsa iri a fili haka kawai ya fi faɗuwa fiye da ci. A yi ramukan rabin wata ko kunya a kan layin da ya gitta gangare, bakinsu na kallon tudu. Ƙananan irin ciyawa kada a binne su fiye da santimita 1. A hana dabbobi shiga har ciyawar ta yi damina 2 ta zubar da iri.

Kafin ku sa fartanya, ku duba ɓawon da ke saman ƙasar, don iri biyu ne. Wanda ɗigon ruwan sama ya daddaɓe mai santsi ne, fasa shi alheri ne. Ɗayan mai rai ne, na gansakuka da ƙananan halittu: yana da duhu da ƙurji-ƙurji, in aka yayyafa masa ruwa sai ya yi kore cikin mintuna, in aka ɓalli gutsure za a ga ƙwayoyin ƙasa na reto a jikin siraran zare. Wannan yana kare ƙasa daga iska, wasu halittun cikinsa kuma suna kamo naitirojin daga iska su ba ƙasa. Ya fi karyewa lokacin da yake a bushe, kuma farfaɗowarsa tana cin shekaru, a wuri mai tsananin fari har gomman shekaru.

Mun gina kwamin shayar da dabbobi da siminti. Shekara ba ta zagayo ba ƙasa ta lotsa a gefensa, simintin ya tsattsage. Ƙasar fara ce mai ƙyalli, ba ta kumfa da asid.

Jifsid ce, Malam. Jifsam yana narkewa kusan giram 2 da rabi a kowace lita, don haka duk inda ruwa ke yoyo yana cin ƙasar daga ƙarƙashi har ta rufta. Sinadarin salfet da ke cikinsa kuma yana kumbura siminti na yau da kullum. A sake ginin da siminti mai jure salfet, a shimfiɗa leda mai kauri da tsakuwa a ƙarƙashi, a kai ruwan da ya malala nesa ta bututu. In za ku kai samfur gwaji ku gaya musu akwai jifsam, domin busarwa a digiri 105 da aka saba tana korar ruwan da ke cikin ƙwayar jifsam ɗin, alƙaluman su fito ba daidai ba.

To bayan an san irin ƙasar, ta yaya za a san dabbobi nawa za ta ɗauka?

Sunan ƙasa ba ya ba da adadi, yana nuna inda za a raba filin ne. A auna kowace irin ƙasa daban. Haɗa kwari da fako a lissafi ɗaya shi ke sa a cika fili da dabbobi. A ƙarshen damina, a jefa firam mai mita 1 a kowane gefe sau 20 zuwa 30 ba tare da zaɓen wuri ba, a yanke abin da dabba ke ci kawai, a shanya har nauyinsa ya daina raguwa. Matsakaicin giram a ninka da 10, shi ne kilo a hekta. Giram 60 ya zama kilo 600.

Ba duka ake ci ba. A hamada kashi 25 zuwa 35 ne rabon dabba, saura na ƙasa ne da iri da gara da iska. Kashi 30 na 600, kilo 180. Dabba mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kilo 6.25 a rana, kusan 2,280 a shekara, don haka tana bukatar hekta kusan 13. Tumaki ko awaki 10 ake lissafawa a madadinta. A cire kewayen rijiya da aka tattake daga lissafin, a kuma gina adadin a kan shekara mai ƙarancin ruwa, ba mai albarka ba.

Lokacin shiga ma ƙasar ke faɗa. Mai yumɓu da mai kanwa kada a shiga da dabbobi tana jiƙe, kofato yana daddaɓe ta ya bar fako. Mai yashi a fita daga cikinta tun da sauran kututturen ciyawa a tsaye kafin watannin iska. Mara zurfi da ke kan dandaɓe ita ce ta fi bukatar sa ido: a kafa turakun ƙarfe guda 5 zuwa 10, a yi musu alama daidai fuskar ƙasa, a riƙa auna abin da ya bayyana na jikinsu sau ɗaya a shekara. Santimita 1 da ya tafi daga hekta ɗaya ya haura tan 100 na ƙasa.